Nonona ya zube bayan haihuwa huɗu: in yi tiyata ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana huɗu, kuma wata bakwai ke nan da na yaye ƙaramin. Tun bayan haihuwa ta uku nonona ya fara zubewa, yanzu kuwa ya kwanta gaba ɗaya, har ba na iya tuɓe riga idan fitila tana kunne. Na sha hulba da kunun alkama, na sayi man shafawa iri-iri a wurin masu kayan mata, kuɗi sun tafi ban ga canji ba. Kwanakin baya maigidana ya yi mini wata magana a kan haka cikin raha, amma ta tsaya mini a rai, ga shi kuma ina jin ƙishin-ƙishin cewa yana neman aure. Wata ƙawata ta nuna mini shafin wani asibiti a Instagram da ke tiyatar ɗaga nono, ta ce ko in je can, ko in fita Masar ko Turkiyya. Nan da wata biyu zan kwashi adashe, ina kuma da ɗan gwal da zan iya sayarwa. Ban gaya wa kowa ba, har shi. Ina jin tsoro, kuma ina son in ƙara haihuwa ko da ɗaya ce. Shin tiyatar tana yi? Tana da haɗari? Ta halatta? Don Allah a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma ba zan ce miki abin da ke damunki ƙaramin abu ne ba, domin macen da take kashe fitila kafin ta tuɓe riga a ɗakin aurenta tana ɗauke da nauyin da wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane shi ba. Tambayarki ta farko amsarta ita ce, i, tiyatar tana yi, kuma a duk abubuwan da ake tallatawa ita kaɗai ce take ɗaga nonon da ya riga ya kwanta. Amma a halin da kike ciki yanzu ba na ba ki shawarar ki yi ta nan da wata biyu, saboda kin ce kina son ƙarin haihuwa, kuma saboda na lura tsoro ne yake tura ki, alhali aikin da za a sa wuƙa a jiki yana bukatar natsuwa.

Ya kamata ki fara sanin abin da ya faru da jikinki. Nono ba shi da tsokar da za a motsa ta yi ƙarfi. Abin da ke cikinsa shi ne naman da ke samar da ruwan nono, da kitse, da wasu siraran jijiyoyi da suke riƙe shi a ƙirji, sai fatar da ta lulluɓe shi. Idan ciki ya shiga, nono yakan cika ya yi nauyi, fata da jijiyoyin nan su miƙe, bayan yaye kuma naman cikin nonon ya koma ya ragu, fatar kuwa ba ta komawa yadda take, kamar robar ƙugun siket da aka daɗe ana ja har ta saki. Sau huɗu jikinki ya bi wannan hanya. Akwai binciken da likitocin Jami'ar Kentucky ta Amurka suka wallafa a 2008, inda suka gano cewa abubuwan da ke da alaƙa da zubewar nono su ne yawan cikin da mace ta ɗauka, da shekaru, da ƙiba, da girman nonon tun kafin ciki, da shan taba, shayarwa kuwa ba su same ta a cikin dalilan ba. Na kawo miki wannan ne don kada ki zargi kanki a kan nonon da kika ba 'ya'yanki, kuma don kada idan Allah ya ba ki wani ki gajarta masa shayarwa da tunanin kina ceton ƙirjinki. Shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma take ba da shawara a kai, ba ita ce ta kwantar da shi ba.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa kuɗinki suka tafi a banza a wurin masu kayan mata. Hulba da alkama da gyaɗa abinci ne, suna iya ƙara miki ƙiba nono ya ɗan cika, amma babu abin sha ko na shafawa da zai tsuke fatar da ta riga ta saki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matakin da mata da yawa suke takawa bayan waɗannan sun gaza, wato ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke jawo hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska, da kuma allurar cika nono da wasu ke yi a shaguna da ɗakunan otal. Ina roƙonki da girman Allah kada ki bari kowa ya yi miki allurar wani ruwa a nono. Abin da aka zuba yakan dunƙule ya taurare, ya jawo ƙurji da ruɓewa, ya bi jini ya kai huhu, kuma fitar da shi sau da yawa sai an yanke wani sashe na nonon.

Likitocin wannan fanni suna auna zubewar nono ne da layin da ke ƙarƙashinsa, inda ya haɗu da ƙirji, bisa tsarin da wata likita a Kanada, Paule Regnault, ta fitar a 1976. Ke ma za ki iya dubawa a madubi kina tsaye, hannuwanki a sake. Idan kan nono yana daidai da wannan layi, zubewar kaɗan ce; idan ya sauka ƙasa da layin amma yana kallon gaba, matsakaiciya ce; idan kuwa shi ne a can ƙasa yana kallon ƙasa, ta kai mataki na uku. Akwai kuma wadda kan nononta yana sama da layin, sai dai saman ya zama fayau, naman ya taru a ƙasa. Wannan bambanci shi ne yake nuna irin aikin da ya dace da mace, shi ya sa duk wanda ya yanka miki farashi ta WhatsApp ba tare da ya duba ki ba, ba lafiyarki ce a gabansa ba.

Tiyatar ɗaga nono, wadda a asibiti za ki ji ana kira mastofeksi, ana yin ta ne bayan an sa mace barci gaba ɗaya, kuma takan ɗauki kamar awa biyu zuwa uku. Likita yana yanke fatar da ta yi yawa, ya tattara naman ya gyara masa zama, ya mayar da kan nono sama, sau da yawa kuma ya rage faɗin baƙin da ke kewaye da shi. Idan zubewar kaɗan ce, yankan yakan tsaya a kewayen baƙin. Idan ta fi haka, za a ƙara wani layi daga nan ya sauka ƙasa. Idan kuwa ta kai yadda kika bayyana taki, mafi yawa sai an ƙara na uku a kwance a ƙarƙashin nonon. Ma'ana za ki ba da zubewa ne ki karɓi tabo, kuma tabon yana dushewa a cikin shekara ɗaya zuwa biyu amma ba ya ɓacewa. Wannan aiki ba ya ƙara wa nono girma, wasu ma suna ganin ya ɗan ragu bayan an tattare shi. Bayan an yi, akwai mako ɗaya zuwa biyu na hutu sosai, da kamar mako shida da ba za ki ɗauki abu mai nauyi ba, ba goyo, ba ɗaukar bokitin ruwa, ba ɗaga yaro daga ƙasa, kina sanye da rigar mama ta musamman dare da rana.

Maganar tabo ina so ki tsaya a kanta, domin hotunan da kike gani a intanet yawancinsu na masu farar fata ne, ko kuma an ɗauke su ta inda tabon ba zai fito ba. Mu masu baƙar fata mun fi saurin samun tabon nan mai tudu wanda yake kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya zarce inda aka yanka, kuma ƙirji yana cikin wuraren da ya fi fitowa. Ki duba hujin kunnenki, ki duba tabon allurar rigakafi da ke dantsenki, idan kuma an taɓa yi miki aiki wajen haihuwa ki duba wurin ɗinkin, sannan ki tuna ko mahaifiyarki ko 'yan'uwanki akwai mai irin wannan tabo. Idan kin ga alamarsa, ki faɗa wa likita tun a zaman farko, domin ga wasu matan wannan kaɗai ya isa dalilin fasawa.

Hanya ta biyu ita ce sanya jakar silikon ko ta ruwan gishiri a cikin nono. Wannan tana cika nonon da ya zama fayau, amma ita kaɗai ba ta ɗaga wanda ya kwanta sosai, shi ya sa ake haɗa ta da tiyatar ɗagawa, haɗin kuma yana ƙara yiwuwar a sake komawa ɗakin tiyata. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne jakar ba ta zama har abada. Tana iya fashewa ko yoyo, jiki yana iya yi mata wani tauri a kewaye har nono ya ƙage ya yi ciwo, kuma duk daɗewarta a jiki yiwuwar matsala tana ƙaruwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana ba masu jakar silikon shawarar su yi hoton nono bayan shekara biyar zuwa shida, daga nan kuma duk bayan shekara biyu zuwa uku. A 2019 kamfanin Allergan ya janye wani nau'in jakarsa mai kaushin baya daga kasuwannin duniya saboda alaƙarsa da wani ciwon daji da ba kasafai ake samu ba, kafin nan kuma, a 2010, an gano kamfanin PIP na Faransa yana cika nasa da silikon da ba a amince a sa a jikin mutum ba. Saboda haka mai sa jaka tana ɗaukar wa kanta hidima da kashe kuɗi na shekaru masu yawa, kuma ni a ra'ayina mace mai 'ya'ya huɗu da take haɗa kuɗin aikin da adashe bai kamata ta shiga wannan ba. Akwai kuma ɗebo kitse daga ciki ko cinya a zuba a nono, wanda yake ƙara ɗan cika kawai, wani kason kuma jiki ya shanye shi. Idan kuwa nonon babba ne mai nauyi har yana sa ciwon baya da wuya da ƙuraje a ƙarƙashinsa, to aikin rage nono ne ya dace, shi kuma magani ne kafin ya zama kwalliya.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da haɗarin da kowace babbar tiyata take da shi: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, daskarewar jini a ƙafa da ka iya tafiya huhu, da matsalar maganin barci. Sannan akwai nasa na kansa, kamar raguwar ji a kan nono na ɗan lokaci ko na dindindin, da fitowar ɗaya ya fi ɗaya, da kuma, a wasu lokuta ƙalilan, mutuwar fatar kan nono idan jini bai isa wurin ba, abin da ya fi samun masu shan taba ko shisha da masu ciwon sugan da ba a daidaita ba. Game da haihuwa kuwa, tiyatar ba ta hana ɗaukar ciki, mata da yawa kuma suna shayarwa bayanta, sai dai ruwan nono yana iya raguwa, kuma sabon ciki zai sake miƙe fatar ya warware mafi yawan abin da aka gyara. Wannan ne ya sa likitocin kirki suke cewa mace ta bari sai ta gama haihuwa, ta yi aƙalla wata shida da yaye, nauyin jikinta kuma ya tsaya wuri ɗaya. Ke da kike fatan ƙarin ɗa, idan kika yi yanzu, za ki iya wayar gari bayan shekara biyu da tabo a jiki, nono ya koma inda yake, gwal kuma ya tafi.

Tambayarki ta halacci ba ni ce mai fatawa ba, amma zan gaya miki inda maganar malamai ta tsaya. Sun bambanta tsakanin gyara aibi da canja halitta don neman ƙarin kyau. Hujjarsu a kan na farko ita ce hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. A kan na biyu kuma suna kawo aya ta 119 a Suratun Nisa'i. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan tiyatar kwalliya a Malesiya a 2007, ta halatta wadda ake yi don mayar da gaɓa yadda take ko kawar da aibin da ke cutar da mutum a jiki ko a rai, ta hana wadda ake yi don son zuciya da kwaikwayo kawai, ta kuma sa sharuɗɗa, ciki har da ƙwarewar likita, da bayyana wa mara lafiya haɗarin aikin, da kada cutarwar ta fi amfanin, da rashin wata hanya mafi sauƙi, da kiyaye hukuncin al'aura. Zubewar nono bayan haihuwa tana tsakanin biyun, shi ya sa za ki ji wani malami ya ce yanayi ne na kowace uwa ba aibi ba, wani kuma ya yi sauƙi idan ta yi tsanani har tana cutar da zaman aure. Ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa halinki yadda yake, ko ki bi ta hannun malamar Islamiyyarku idan kunya ta hana ki.

Yanzu bari mu zo kan maigidanki, wanda nake ganin shi ne asalin wasiƙar. Maganar da ya yi bai kyauta ba, ko da cikin raha ce, domin jikin da ya yi wa dariya shi ne ya ɗauki 'ya'yansa huɗu ya shayar da su. Duk da haka ina so ki yi masa adalci: maza da yawa suna sakin magana su manta da ita kafin su kai ƙofar gida, ba su san ta kwana tana cin matar ba, kuma mai yiwuwa har yau bai san ya ji miki ciwo ba. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, hankalinsa a kwance, ki ce masa, "Abban yara, maganar da ka yi rannan a kan jikina ta tsaya mini a rai, tun daga ranar nake jin kunyarka." Ki tsaya a nan, ki saurari abin da zai ce. Batun neman aure kuma ƙishin-ƙishin ne kika ji, kina da haƙƙin ki tambaye shi kai tsaye cikin ladabi maimakon ki yi ta zama da zullumi. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne, idan ya yi niyyar ƙara aure, tiyata ba za ta hana shi ba, kuma ina jin tsoron ranar da za ki kwanta da ɗinki a ƙirji ki ji an sa rana, baƙin cikin ya zama biyu. Yin aikin a ɓoye kuwa ki cire shi daga ranki. Ba abu ne da zai ɓoyu ga miji ba, kina bukatar wanda zai tsaya miki a asibiti da mai kula da yara na makonni, kuma ɓoyewar za ta iya haifar da rikicin da ya fi wanda kike gudu. Gwal ɗinki dukiyarki ce, babu mai iko da ita sai ke, amma ita ce garkuwarki ranar wata lalura, kada ki sayar da ita a cikin firgici.

Kafin lokacin yanke shawara ya zo, akwai abin da za ki yi tun wannan makon. Ki je wurin mai sayar da rigar mama da ta san aikinta a auna ki da tef, domin mata da yawa suna nan da lambar da suke sawa tun suna amare. Ki nemi mai faɗin maɗauri, wadda ta kama ƙirji daram ta baya ba ta hawa sama, kofinta kuma ya ɗauke nonon duka; za ki ga yadda zaman riga a jikinki zai canja, har da na cikin ɗaki akwai masu kyau da aka yi don haka. Ki guji hawa da saukar ƙiba, ki riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsokar ƙirji da baya, wanda ba zai ɗaga nonon ba amma zai gyara miki tsayuwa. Ki kuma saba duba nononki sau ɗaya a wata bayan al'ada, idan kin ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita, ko ɗaya ya canja shi kaɗai, ki tafi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin wannan ba maganar kwalliya ba ce. Idan kuma damuwar ta kai ba kya barci, ko kina yawan kuka, ko kin daina jin daɗin komai, ki faɗa wa likita wannan ma, yana da magani.

Idan kin gama haihuwa, hankalinki ya kwanta, kika ga har yanzu ke da kanki kina son aikin, to ki yi shi ta hanyar da ta dace, ni kuma ba zan ga laifinki ba. Ki fara da sashen tiyatar gyaran jiki na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko da ba a can za a yi ba, don ki ji ra'ayin likitan da ba ciniki yake nema da ke ba. Duk wanda zai yi miki aikin, ki tabbatar yana da rajista da Hukumar Likitoci ta Nijeriya, MDCN, kuma ya yi karatun ƙwarewa a wannan fanni na tiyata takamaimai, ba likita ne kawai da ya yi kwas na 'yan makonni ba. Ki tambaye shi wane ne zai ba da maganin barci, ko asibitin yana da ɗakin kulawa ta musamman da jini a ajiye, sau nawa ya yi irin wannan aiki, wa zai biya idan aka sake gyara, kuma ki ce ya nuna miki hotunan mata masu irin fatarki bayan shekara guda da aiki. Za a auna jininki da hawan jini da suga, a duba nonon, wataƙila a yi masa hoto. Kuɗin yana kai miliyoyin naira, inshorar lafiya kuma ba ta biyan tiyatar kwalliya, don haka farashin da ya yi araha ƙwarai abin tsoro ne.

Fita waje ba ta kawar da haɗari. 'Yan Nijeriya ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo ba, matar shugaban ƙasa a lokacin, wadda ta rasu a Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan tiyatar kwalliya. A Masar da Turkiyya akwai ƙwararru akwai kuma 'yan kasuwa, kamar yadda yake a Legas da Abuja, sai dai wadda ta yi a waje tana da ƙarin matsala biyu: doguwar tafiya a jirgi jim kaɗan bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma idan ɗinki ya buɗe ko ya yi ruwa bayan mako uku, wanda ya yi aikin yana wata ƙasa. Idan har can za ki, ki tanadi kuɗin zama har likitan ya sallame ki da kansa, ki tafi da mijinki ko wani muharraminki, ki karɓo rahoton aikin a rubuce, ki kuma san likitan da zai ci gaba da duba ki a gida tun kafin ki tashi.

Kuɗin adashen idan kin kwasa ki ajiye su, ki fara da magana da maigidan da kuma ganin likita a asibitin koyarwa, sannan ki sake rubuto mini yadda kuka yi. Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita tsakaninku, ya raya miki yaran.